Rundunar Duba Gidaje da Illiassou Ya Roƙa

Illiassou ɗan Damagaram ne, ɗan wani tela a unguwar Birni. Ya zo Faransa a shekarar 2001 karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon. Mutum ne marar yawan magana, irin waɗanda sai an tashi daga taro a riƙa tambaya ko sun zo. Wansa Muntari ya riga shi zuwa da shekara shida, yana dakon kaya a manyan shagunan sari na Aubervilliers, gefen Paris. Yana kwana a wani tsohon bene mai hawa biyar, a wani gari arewa da Paris. Duk ƙarshen wata Illiassou kan hau jirgin ƙasa ya je wurinsa. Muntari ya tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ya zauna yana kallonsa yana ci.

"Ci, malamin gida," yakan ce. "Ni ƙarfi na kawo ƙasar nan, kai ne ka kawo kai."

Wata ranar Lahadi cikin watan Maris na 2004, bayan azahar, wuta ta tashi daga wayoyin lantarki a ƙasan matakalar benen. Matakalar ta katako ce, kafin a ce kwabo ta kama har sama. Akwai ƙofar baya, amma mai gidan ya ɗaure ta da sarƙa, wai don kada masu haya su riƙa shigo da baƙi. Ƴan kwana-kwana sun iso da wuri, sun fitar da mutane da yawa ta tagogi. Mutum huɗu ne ba su fita ba. A bakin ƙofar bayan aka sami Muntari, hayaƙi ya kashe shi.

Illiassou ne ya kira Damagaram. Innarsu ba ta yi kuka a waya ba. Ta yi salati, sannan ta tambaye shi abu ɗaya.

"An sami abin wankewa?"

"An samu, Inna. Wutar ba ta taɓa jikinsa ba."

"To alhamdu lillahi," ta ce, ta miƙa wa wani wayar.

Da a nan abin ya tsaya, da ya ce ƙaddara ce ya haɗiye. Amma bayan shekara ɗaya da rabi, lauyan ƙungiyar masu hayar ya kira shi ya nuna masa wata takarda. Rahoton mai duba gine-gine ne, an rubuta shi tun 2002. Ya ambaci wayoyin, ya ambaci matakalar, ya ambaci sarƙar. Ga hatimin ma'aikatar magajin garin a kai, alamar sun karɓa. Shekara biyu takardar tana kwance a wani ofis, ba wanda ya gaya wa ko mutum ɗaya daga cikin masu kwana a gidan. Illiassou ya karanta ta sau uku a tsaye. Mai gidan kuwa, kotu ta yi masa ɗaurin talala, ya koma gidansa ya ci abincin rana.

Daga nan Illiassou ya karkata karatunsa zuwa tsaron gine-gine daga gobara. Da ya gama ya sami aiki a wani kamfani mai duba kayan kashe wuta a makarantu da manyan kantuna. Ya auri Rékia, ƴar Tahoua, ma'aikaciyar jinya. Suka zauna a wani ƙaramin gari gabas da Lyon, suka haifi ƴa suka sa mata Zakiyya. Rékia ta sami takardar zama ƴar ƙasa a 2010. Shi kuwa sau biyu yana nema ana ɗage masa, don haka ba shi da ƙuri'a ko ta zaɓen unguwa.

Garin nasu yana da tsohuwar unguwa a bayan tashar jirgi, gidaje masu shekara ɗari, cike da ƴan Afirka da Larabawa da tsofaffin ma'aikatan masana'anta. Illiassou ba ya iya wucewa ta nan ba tare da ya ɗaga kai ya dubi wayoyi ba. Rékia har ta daina bi da shi ta wannan hanya.

A ƙarshen 2013 aka fara shirin zaɓen magajin gari. Wata mai kantin magani a dandalin kasuwa, Madam Chazal, ta fito takara, tana cewa ta gaji da mulkin da ake yi a bayan ƙofa. A wani taronta Illiassou ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ta gida nawa aka duba a bayan tasha, kuma ina rahotannin suke. Ta ce ba ta sani ba. Wannan amsar ce ta saye shi, domin bai taɓa jin ɗan siyasa ya ce bai sani ba. Bayan taro ta zo ta same shi.

"Malam, ka rubuto mini abin da kake ganin ya kamata a yi. Da gaske nake."

Ya yi mako uku yana rubutu, shafi goma sha ɗaya. Ya ce duk rahoton da aka yi a kan gini a manna shi a ƙofar ma'aikata kuma a sa shi a intanet cikin wata guda, da adireshin gidan da sunan mai shi. Ya ce garin yana da ƴan sandan magajin gari ashirin da huɗu, yawancin aikinsu rubuta wa motoci tara da korar masu talla a kasuwa. A ɗebi shida a cikinsu a horar da su, a haɗa su da tsofaffin ƴan kwana-kwana da suka yi ritaya, su zama runduna ɗaya mai bin gida-gida tana dubawa. A shafi na ƙarshe ya rubuta sharaɗi, ya ja masa layi: ba a fitar da kowa daga gida sai an samar masa wani a cikin garin.

Da takardar yaƙin neman zaɓen ta fito, shafinsa goma sha ɗaya sun koma layi biyar. Bai damu da wannan ba. Abin da ya dame shi, sharaɗin nan ba ya ciki. Ya sami daraktan kamfen ɗin, wani matashi mai saurin magana, ya tambaye shi.

"C'est technique, magana ce ta ƙwararru," in ji saurayin. "Mutane ba sa karanta irin wannan. Mu ci zaɓe tukuna, sauran mai sauƙi ne."

Illiassou ya karɓi damin takardun ya tafi rabawa. Har yau, in yana tuhumar kansa, a nan yake farawa.

Ƙofofin bayan tasha ba sa buɗuwa ga mai ɗauke da takardar siyasa. Wanda ya buɗe masa su shi ne Alhaji Ilya, dattijo ɗan Tahoua, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar sinadarai. Yana zaune da matarsa Hajiya Aïcha a hawa na biyu na wani tsohon gida. Shi ke raba faɗa a unguwar, shi ke tsayawa in an yi rasuwa. Ya saurari Illiassou har ya gama, yana jan carbi.

"Ɗana, maganarka tana kan hanya. Amma ɗan sanda kake so ya shigo mana ɗaki?"

"Baba, ba kama mutane zai zo yi ba. Waya zai duba."

"Ba a ba kura ajiyar nama, ko da ta yi rantsuwa."

Sai Illiassou ya ba shi labarin Muntari, wanda bai taɓa ba kowa a garin ba. Dattijon ya ajiye carbin. Washegari ya sa babbar riga ya riƙe sandarsa, suka bi gida-gida. Duk inda suka shiga sai ya ce, "Wannan ɗanmu ne, ya san aikin. Ku gaya wa ƴaƴanku masu ƙuri'a."

Ranar zagaye na biyu na zaɓen, ƙarshen Maris na 2014, Illiassou ya tsaya a ƙofar makarantar da ake zaɓe riƙe da hannun Zakiyya, Rékia ta shiga. Da ta fito ta ce, "Na jefa maka." Madam Chazal ta ci da ratar ƙuri'a ɗari uku da ƴan kai, kuma kowa ya san daga bayan tasha suka fito.

Ba za a ce ta karya alkawari ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Kafin shekara ta ƙare aka kafa rundunar, da sabon kaki da sabuwar mota. An gayyace shi bikin, ya tsaya a baya yana tafi. Rahotanni ma aka fara mannawa. Sai dai lauyoyin ma'aikata sun ce doka ba ta yarda a sa sunan mai gida ba, don haka adireshi kawai ake sawa. Masu sayen filaye suka riƙa karanta jerin kamar mai karanta farashin kasuwa. Gidan da aka ce ba ya zaunuwa, mai shi ba ya gyarawa, sayarwa yake yi. Ƴan sandan kuma, in sun shiga duba waya, sukan tambayi mutum nawa ke kwana a ɗakin da sunayensu. Waɗanda ba su da takardun zama suka riƙa tserewa tun kafin motar ta tsaya. A shekara ta farko aka rufe gida goma sha huɗu. Masu haya a ba su ɗakin otal na ƴan makonni, daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Gidan Alhaji Ilya aka rufe a watan Fabrairu na 2016, da ƙarfe takwas na safe. Illiassou yana wurin aiki, sai da rana ya ji. Ya same su a wani otal a bakin babbar hanya, kilomita ashirin daga garin, babu masallaci babu kasuwa, sai ƙarar manyan motoci. Hajiya Aïcha tana zaune a bakin gado, tukwanenta a cikin buhu a ƙasa, domin an hana girki a ɗakin. Ya durƙusa ya gaishe su. Alhaji ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi Rékia, ya tambayi Zakiyya.

"Baba, ba haka na rubuta ba. Wallahi akwai sharaɗi."

"Na yarda akwai."

"Zan je in sami magajiyar gari."

"Je ka." Dattijon ya dubi taga. "Ni ban ce ka cuce mu ba, Illiassou. Gyaran gangar Abzinawa ka yi mana. Abin da ke damuna, da bakina na ce musu kai namu ne. Gida arba'in na shiga. Yanzu da wane ido zan dube su?"

 Da zai tafi Hajiya ta ɗauko dabino uku daga jakarta ta ce a kai wa yarinya.

Wata uku ya yi yana neman ganin magajiyar gari. Da aka ba shi lokaci, minti goma sha biyu ne. Ta tarbe shi da fara'a, ta tuna sunansa. Ya ajiye shafi na goma sha ɗaya a kan teburinta. Ta karanta, ta ce gidajen gwamnati ba a hannunta kaɗai suke ba, akwai mutum dubu biyu a layi, ba za ta tsallake su ba. Sannan ta cire tabarau ta dube shi.

"Tun da na hau kujerar nan, ba wanda wuta ta kashe a garin nan. Gidan dattijon naka, ka ga hotunan wayoyinsa? Da ka fi so in bar shi a ciki?"

Ya ga hotunan. Ya san da shi aka aika, da shi ma ya ce a rufe. Sakatariya ta leƙo ta ce lokaci ya yi.

Alhaji Ilya bai dawo garin ba. Ɗansa ya ɗauke su zuwa Montreuil, gefen Paris, su bakwai a ɗaki biyu, a can ya rasu bayan shekara guda. Illiassou ya hau jirgi ya je jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe. Wasu tsofaffin ƴan bayan tasha sun gan shi, suka ba shi hannu, ba su riƙe ba. A unguwar kuwa an rushe rabinta, an gina benaye masu baranda da tukwanen fure, ba ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da ƙuri'ar da ke iya kama haya a ciki. Wata mujallar ƙananan hukumomi ta yabi garin a kan gaskiya da riƙon amana. Illiassou ya sauya masallacin Juma'a, yana hawa jirgin cikin gari ya je wani a Villeurbanne inda ba a san shi ba.

Yana nan yana aikinsa, gashinsa ya fara fari. In aka ce masa ga wasu ƴan Nijar a wani gida mai haɗari, yakan je ranar Asabar da jakar kayan aiki, ya gyara abin da zai gyaru da hannunsa, ya manna musu na'urar jin hayaƙi a rufi. A kakar 2019 ya je wa wasu ma'aurata ƴan Maradi da jaririnsu, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai taga ɗaya. Ya duba ya ga abin ya fi ƙarfin jakarsa. Maigidan, wanda ke karatun digiri na uku, ya tsaya a kansa yana kallo.

"Malam, ko dai mu kai rahoto ma'aikatar magajin gari? An ce yanzu suna zuwa da wuri."

"Suna zuwa," in ji Illiassou. "Kuna da inda za ku?"

"A'a."

"To kada ku kunna hitar ɗumama ɗaki da murhu lokaci ɗaya. Gadon jaririn kuma ku matsar da shi kusa da ƙofa."

Matar ta kawo masa shayi, ya sha a tsaye, ya yi musu sallama.