Shukar Ruwan Farko

Ni ba manomi ba ne, ba kuma ɗan manomi ba. Mahaifina maɗinki ne a Ƙofar Dundaye cikin birni, allura da zare na tashi na gani a gidanmu, gero kuwa sai dai a cikin mudu. Da na gama elementare ba a ɗauke ni gaba ba, sai aka tura ni gonar gwaji na yi 'yan watanni ina koyon jan igiya da auna tazarar da ke tsakanin rami da rami. Da wannan ɗan ilmin aka kawo ni makarantar midil, zamanin Turawa, makarantar ma ba ta daɗe da buɗewa ba, aka ce ni ne malamin gona.

Mu malamai ba mu da yawa. Akwai hedimasta, da wasu samari biyu da suka gamo kwaleji, da malamin kafinta, da wani tsoho mai koyar da Arabiyya, sai ni a ƙarshe. In bazara ta kama, rana na fitowa ake shiga aji, don kafin azahar ɗakunan sun yi zafin da yaro ba ya iya riƙe alli sai ya jiƙe a hannunsa. Bayan azahar mukan shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya bayan ofis, a dama fura a babbar ƙwarya, ludayi ya yi ta zagayawa. Nan ake hira, nan kuma ake tsokana. Samarin nan biyu su suka laƙaba mini Sarkin Noma.

"Sarkin Noma, yaushe za mu ci tumu?" in ji ɗaya.

"Bari shi gama auna gonar tukuna," in ji ɗayan. "Gero ba shi hita sai an gwada mai igiya."

In sun so su ware ni sai su juya harshe zuwa Turanci, su yi ta dariya. Nakan yi dariyar tare da su, amma abin yana cina a rai. Na faɗi wannan ne ba don in wanke kaina ba, sai don a san irin zuciyar da nake ɗauke da ita a lokacin.

An raba yaran makarantar gida huɗu, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. Da la'asar wasu su tafi ƙwallo ba takalmi, wasu langa, wasu kuma su yi ta bugun ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu har hannun ya yi ja. Ran Alhamis a kai su gulbi wanki, su fi awa guda cikin ruwa ana kira suna ƙin fitowa. Ran Juma'a su jera cikin fararen riguna zuwa masallaci, a dawowa mu ratsa ta Hubbare. Aikina ni yana bayan katanga, inda kowane gida ke da fegin gonarsa. Da bazara ake sharar gona, a ƙone kara, a zuba taki, a gyara ƙotar sungumi, a jira ruwa.

Shugaban gidan gabas wani dogon saurayi ne ɗan ajin ƙarshe, ɗan manoman ƙauyen Dundaye. Ba shi da yawan magana, lissafi kuwa ba mai kama ƙafarsa. A shekarar za a zaɓi ɗalibai biyu a tura kwaleji su zama malamai, kuma har masu dafa abinci sun san shi ne ɗaya. Baturen makarantu shi ke zaɓa in ya zo rangadi, amma ba ya zaɓa sai ya karanta littafin hali, wani babban littafi da ke ofis inda kowane malami ke rubuta abin da ya gani na halin yaro.

Irin geron da za mu shuka daga kasuwa aka samo shi, ban da na gidan gabas. Nasu uban saurayin nan ne ya bayar daga rumbunsa, zangarniya ce da ya zaɓa ɗaya-ɗaya tun da kaka, aka ɗaure ta dami aka rataye a ɗakin kayan gona.

Aka aiko cewa Bature zai zo nan da mako biyu. Tun daga ranar ban da wani tunani sai na ya zo ya tarar da layuka kore, miƙaƙƙu, kamar na gonar gwaji. Sai kuwa ga hadari ya haɗo wata Talata da la'asar. Iska ta tashi, aka yi ruwa kamar na rabin awa, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka bar ƙwallo suna tsalle a ciki. Na ce a raina Allah ya karɓi roƙona.

Da safe na tara gidajen huɗu a bakin gona da igiya da sungumi. Na ce a ɗauko iri. Ɗan Dundayen nan bai motsa ba. Sai ya tsuguna, ya soka hannunsa a ƙasa ya tona, ya ɗebo ya nuna mini. Sama jiƙe take kamar faɗin yatsu uku, ƙasan kuwa fara fat, busasshiya, tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Malam, ruwan ga bai kai ba," ya ce a hankali. "Laima ba ta shiga ba. In munka shibka yau, shina hita, amma rana ta kashe shi."

"Wa yag gaya maka?"

"Haka baba ka yi, Malam. Sai an tona laima ta wuce tahin hannu. Kuma shamuwa ba ta zaka ba. Dubi gawon can ma, bai zub da ganye ba."

Ban taɓa sanin gawo yana zubar da ganye in damina ta tsaya ba. Da ya faɗa mini wannan mu biyu kaɗai, watakila da na ji. Amma yara kusan duk suna tsaye, yawancinsu 'ya'yan ƙauye, na ga wasu suna gyaɗa kai, wani kuma can baya ya ce "Sarkin Noma" ƙasa-ƙasa, aka yi 'yar dariya.

"Nan makaranta ta, ba Dundaye ba," na ce. "Tahi ka ɗauko iri."

"Malam, in na kasuwa na, ni ka yin saran da hannuna. Amma wanga na baba na. Da yab ba ni yac ce amana ta. Ka yi haƙuri, ba ni iya bizne shi yau."

Ya cika maganarsa kuwa. Shi ya ja sungumi a gaba a fegi uku, yana sara bisa igiyata, ƙanana na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Fegin gidan gabas kaɗai aka bari fili.

A gindin tsamiya da rana na ba da labari, na ƙara masa gishiri. Na ce yaro ya ci mutuncina gaban ɗalibai, zan rubuta shi a littafin hali. Tsohon malamin Arabiyya ya ajiye ludayi ya dube ni.

"Ɗana, bari littahin nan kwana goma. In gero ya rayu, ka rubuta abin da kaka so. Tawada ba ta gudu."

"Baba, in na bari, gobe kowa ma shi yi."

Na tashi na shiga ofis na rubuta layi biyu: mai taurin kai ne, yana raina malamai gaban 'yan'uwansa. Hedimasta ya karanta, ya kira yaron ya tambaye shi ko ya ƙi bin umarni, ya ce e, ya ƙi. Aka sauke shi daga shugabanci a ranar.

Kwana huɗu gero ya tsiro. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, layuka siri-siri kore, miƙe kamar ɗinkin mahaifina. Kullum da safe sai na zaga. Samarin nan ma suka zo suka gani, ɗaya ya ce, "Ashe Sarkin Noma na gaske na." Bature ya iso tsiron yana da ɗan sauran ƙarfi, ko da yake bakin ganyen ya fara nannaɗewa in rana ta take. Da safe ya zaga, bai ga wannan ba. Ya tsaya gaban fegin da ke fili ya tambaya, hedimasta ya yi masa bayani. Ya shiga ofis ya karanta littafi, ya zaɓi yara biyu. Ba ɗan Dundaye a ciki. Ya ce a aika masa da takardar sunayen ran Litinin ta sama, bayan an sanar da iyayensu.

Ruwa bai sake sauka ba. Hadari ya haɗo ya watse, ya haɗo ya watse. Cikin kwana uku da tafiyar Bature tsiron ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta kwashe shi. Ran Asabar fegin nan uku ba su da bambanci da na huɗun.

Takarda ba ta tafi ba tukuna, wannan shi ne abin da ban taɓa iya mantawa ba. Hedimasta mutum ne mai jin magana, Bature kuma yana jin tasa. Da na je na ce yaron nan gaskiya ya faɗa, ni ne ban sani ba, a goge abin da na rubuta, na tabbata da an gyara. Na je ma. Ranar Asabar ɗin da hantsi na iske shi a ƙofar ofis yana ba kekensa iska.

"Sarkin Noma, lahiya?"

Na tsaya. Ta taga ina hango samarin nan biyu a ciki suna duba takardun yara, ɗaya ya ɗago kai yana kallona.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Ƙotar sungumi biyu ta karye, nac ce ko a gaya wa kahinta."

"To, gaya mai mana."

Na juya na tafi wurin kafinta. Ran Litinin takarda ta tafi.

Bayan kamar mako guda muka tashi muka ga shamuwa a kan tsamiyarmu. Kwana biyu tsakani aka yi ruwa tun daga hantsi har azahar, kwatami ya cika. Na fita gona ni kaɗai, na duba ba kowa, na tsuguna na tona. Laima ta wuce tafin hannuna. Sai dai ba ni da iri, na kasuwa duk na binne shi. Ina nan tsugune sai ga ɗan Dundayen nan da 'yan gidan gabas, ɗauke da ƙwarya biyu. Ashe ya riga ya sussuke damin babansa. Ya ajiye a gabana.

"Malam, in an rage hannu shina isa duka huɗun."

Ya isa kuwa. Da kaka gonar makaranta ta yi geron da ba a taɓa yi ba, malamai suka ci tumu a gindin tsamiya, hedimasta ya yaba mini gaban kowa. Na karɓi yabon. Tsohon malamin Arabiyya kaɗai ya ƙi cin tumun, ya ce haƙoransa ba su iyawa, alhali na sha ganinsa yana tauna goro.

Saurayin ya gama midil aka ba shi aikin malamin daji, ya yi 'yan shekaru, da babansa ya rasu ya koma gona. Cikin waɗanda aka tura kwaleji ɗaya ya zama babban mutum. Dundaye ba nisa, mai jaki ma yana zuwa ya dawo kafin azahar, amma sai da na bar aiki, gemuna ya yi fari, sannan na iya zuwa.

Da bazara na je. Aka nuna mini gonarsa, na iske shi a gindin gawo yana gyaran sungumi, shi ma furfura ta fito masa. Yana ganina ya gane ni, ya taso ya durƙusa, ya shimfiɗa mini buzunsa. Muka gaisa, muka sha ruwa. Sannan na faɗa masa duka, har da ranar Asabar da ƙotar sungumi, wadda bai taɓa sani ba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ashe ka tahi har ƙohwar ohis, Malam."

"Na tahi. Ban iya ba."

"Ni na yahe tun tuni. Yaro nike, da na ja ka gehe na hwaɗa maka."

"Ba laihinka na ba. Kwalejin hwa, ka so ta?"

"Na so ta, Malam. Ba ni yi maka ƙarya. Har yau in na ga malami da alli sai in tsaya in duba. Baba kau bai yahe ba. Har yar rasu in an ambaci makaranta sai shi tashi daga wurin."

Na tambaye shi inda aka binne baban nasa. Ya kai ni, ba nisa da gonar. Na yi addu'ar da na iya, na roƙi gafara a wurin da ba mai amsa mini. Ya tsaya a bayana har na gama.

Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya. Hadari ya ɗan haɗo a gabas, na ce ko yau za a samu. Ya ɗaga kai ya duba, ya dubi gawon.

"Da saura, Malam," ya ce.

Na ce to.