Jan Fenti a Jikin Tsamiya

Yayana Muttaka malamin gona ne a Haɗeja, shekara ashirin da biyu ke nan. In ka ji an ce malamin gona, kada ka zaci mai ofis ne da fanka. Tsohon babur gare shi da takalmin roba, kullum yana tsakanin Miga da Kaugama yana faɗa wa manoma lokacin shuka da inda ba za su shuka ba.

Rana ɗaya suka shiga jami'a da abokinsa Abdulganiyyu, ɗaki ɗaya suka zauna, tukunya ɗaya suka ci. Muttaka ya karanta noma, Abdulganiyyu ya karanta likitanci. Yau Abdulganiyyu yana wani babban asibiti a Abuja, abin da yake ɗauka a wata Muttaka ba ya ganinsa a rabin shekara. Duk Babbar Salla sai ya aiko masa da rago. Muttaka ya yi godiya, ya mayar da buhun shinkafar gonarsa. Amma ni da nake ƙanwarsa na san naman ragon nan ba ya wuce masa da daɗi.

Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin fadama. Duk shekara, idan ambaliya ta kai iyakarta ta fara ja da baya, Muttaka yakan ɗauki gwangwanin jan fenti ya je ya ja layi a jikinta inda ruwa ya tsaya, ya rubuta shekara a gefe. Ba wanda ya sa shi. Da layukan nan yake gane gonar da za ta nutse baɗi da wadda za ta tsira. Aikin kuwa yana da ƙa'ida. Ba inda danshi ya kai ake ja ba, domin iska tana watsa ruwa sama. Sai an nemo inda laka ta bar zobe siriri a ɓawon itacen.

'Yarsa ta fari, Jannatu, tun tana shekara shida take binsa can. Kafin ta gama sakandare ta iya murza ƙasa a tafin hannu ta faɗi irin amfanin da ƙasar za ta yi. Mukan tsokane ta mu ce ɗan agwagwa ba a koya masa iyo.

Da lokacin cike takardar shiga jami'a ya zo, ina gidan na kai wa uwarta ɗinki. Jannatu ta durƙusa ta ce, "Baba, ni noma zan cike."

Ya ce, "Likitanci za ki cike."

"Ai kai ma noma ka karanta, Baba."

"Shi ya sa."

Da ta fita na kasa yin shiru, don ni bakina ba ya ajiya. Na ce, "Yaya, ka bar yarinyar nan da abin da take so mana."

Ya dubi takalminsa, sannan ya ce, "Ummussalma, shekara ashirin ina tsare gonakin mutane, amma albashina bai taɓa saya mini ragon layya ba. Ba na so wata rana ita ma ta zauna jiran a aiko mata."

Raina ya ɓaci ranar nan, kuma har yau bai gama hucewa ba. Ba da Yaya nake fushi ba, ba kuma da Abdulganiyyu ba, wanda da guminsa yake ci, rayuka yake ceto. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda mai yi wa yaro maganin tamowa zai ninka mai hana yunwar shiga gida a albashi har sau shida, alhali dukkansu sun ƙona ido a karatu. Ni tela ce, wataƙila akwai dalilin da ban sani ba.

Jannatu ba ta yi gardama ba. Ta cike likitanci, ta ci jarrabawa, aka ɗauke ta. Gida ya cika da 'yan barka, ita ma ta yi ta murmushi kamar yadda ya kamata. Ta tafi makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da ruwa ya fara sauka.

Bayan kwana biyu Muttaka ya nemi gwangwaninsa, ya tarar an buɗe shi an mayar da murfin. Ya ɗauke shi ya fita. Na bi shi fadama, don gwiwarsa ta fara damunsa. Da muka isa tsamiyar, sai ga sabon jan layi a saman na bara, da shekara a gefe cikin rubutun Jannatu.

Ya matsa kusa, ya shafa ɓawon da yatsa yana neman zoben laka. Ya same shi a ƙarƙashin fentin, bai hau ba, bai sauka ba.

Ya ce, "Ni sai da na shekara biyar ina kuskurewa kafin na iya wannan."

Ya tsaya riƙe da gwangwanin, ba abin da ya rage masa ya yi da shi. Can ya ce, "Za ta yi likita mai kyau, Ummussalma. Ko ba haka ba?"

Na ce haka ne, Yaya. Muka juyo gida, shi a gaba, ni a baya.