Ranar Da Kawu Iro Ya Ajiye Tsinkayensa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Inna ta kira ni daga Zango: Kawu Iro, ƙaninta, ya rasu.

Shi ya koya mini dara a zaurensa, da duwatsu, don ya ce tsinke sai manya. Ranar da na tafi jami'a ya kai ni tasha a babur, ya ce, "Ki karanta komai, amma kada ki dawo kina yi mana turanci a kan tuwo."

Ban taɓa jin an cinye shi a dara ba. A garinmu an ɗauki wannan kamar gadon gari.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan sallar layya ne. Wani mai sayar da awaki daga Mai'adua, Sale, ya zo takanas don ya kara da shi. Mata ba sa zama wurin dara, amma ba wanda ya hana su kawo ruwa su manta ba su tafi ba.

Wasa ya yi nisa, Sale na ta gumi. Sai Kawu ya tattara tsinkayensa ya ajiye a gabansa.

"Ka ci."

Sale ya ce, "Baba, ta ina?"

Kawu ya nuna masa gurbin da yatsa. Da a ce Sale ya matsar da tsinke ɗaya can, da shi ke nan. Bai gani ba, ba kuma wanda ya gani.

Wuri ya kaure. Wani ya ce, "Iro, ka sayar da mu ga 'yan Mai'adua!"

Da aka watse na ce, "Kawu, ai da ka yi shiru."

Ya ce, "Binta, ni na gani. Da wane bakin zan ci tuwo a ce mini gwani?"

Na ba shi hujjoji irin na 'yan boko. Ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni ko da sauran ruwa.

Har watan jiya ana yi masa tsiya a majalisa. Inna ta ce yau tun kafin a gama wanka Sale ya iso, ya roƙi a bar shi ya kama makara.

Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.