Alhudahudar da ba mu ƙirga ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Afrilu, Allah Ya karɓi ran aminina Nusret, ɗan garin Čapljina, ana saura mako biyu gasar ƙirga tsuntsaye ta bazara.

Nusret, kai ka fara ja na zuwa fadamar Hutovo, lokacin da ban san bambancin zalɓe da balbela ba. Mu uku muke fita tun asuba, ni da kai da Zijad mai baki, da tulun kofi da burek, gurasar nan mai nama a ciki da matarka Fikreta ke yi. Dokar gasar ɗaya ce: tsuntsu ba ya shiga lissafi sai duk 'yan ƙungiya sun gan shi.

Da idona ya fara yana, wannan doka ta zamar mana kaya. Kowa ya ba ka shawara ka sauya ni da mai ƙuruciya. Ka yi kunnen uwar shegu da su.

Ba zan manta bara ba. Rana na gab da faɗuwa, tsuntsu ɗaya ya rage mu ci gasar, sai alhudahuda ta sauka kan katangar gonar inabi. Ku biyu kun gan ta, ni kuwa duhu-duhu kawai nake gani.

Zijad ya ce, "Haba tsoho, ka ce ka gani mana! Wa zai tono cikin idonka?"

Ka ce, "Rufe mana baki, sarkin gaggawa." Ka tsaya a bayana, ka riƙe kaina da hannu biyu kana juya shi a hankali. "Bi katangar, ɗan'uwa. Hagu kaɗan. Ba inda za mu."

Ta tashi ban gan ta ba. Muka sha kaye. A mota sai ka miƙo min sauran burek ka ce, "Baɗi za ta jira ka."

Ta jira ni, Nusret. Jiya da safe ta sauka kan shingen gidana, kusa ƙwarai, har tukkunta na gani. Na waiga in ce maka na gan ta, babu kowa a bayana. Wallahi na yi kuka. Ni kaɗai na gani, don haka ba ta shiga lissafi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Fikreta da yara, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya ba mu.