Baba Ɗantsoho Ya Koma Shiƙa

A bakin titin Tudun Wada, kusa da masu faci, akwai wani mai shayi da na ji ana kira Baba Ɗantsoho. Dogo ne mai farin gemu, hannunsa na hagu a lanƙwashe, yana rawa. Ga alama shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi, kuma bai daɗe da komawa teburinsa ba.

So yake ya shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi, amma rabi a ƙasa yake zubewa. Nan kuwa wanda bai iya shiƙa ba, ba a kiransa mai shayi. Har wasu sun fara leƙen teburin tsallaken titi.

"Baba, juya da cokali kawai," in ji wani ɗan acaɓa.

"Cokali? Kunu ka zo sha?"

Darlington mai shagon batir ya leƙo yana dariya. "We move, Baba!"

Wannan Turancin ban ji shi a inda na yi karatu ba, a gida na tarar da shi. Matasa kan faɗe shi idan jarrabawa ta kayar da su ko kasuwa ta ƙi, wato ba a zaman makoki, gaba za a yi.

Ban sani ba ko tsohon ya gane. Ya dai cije leɓe, ya ɗaga kofin hannun dama sama, na hagu na karkarwa a ƙasa. Shayin ya sauko siriri, ya faɗa tsakiyar kofi, kumfa ta taso.

Benci ya kaure da tafi. Baba ya miƙa wa ɗan acaɓan kofin, ko dubansa bai yi ba.

"Saura wa?"