Kuɓewata a Saman Tankin Ruwa

Abin da ya fara ba ni haushi a Guangzhou shi ne babu abin da yake bushewa. Cikin damina na zo. Goggo, ƙanwar babanmu, ita ta ɗauko ni daga Kano in taya ta aiki. Abinci take dafawa a gidan da take haya a unguwar Xiaobei, ana kai wa 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya, wasu kuma su zo su ci a falo. Ka wanke zani yau, jibi ka sansana ka ji kamar a bakin rijiya ya kwana. Takalmina na fita unguwa na tura shi ƙarƙashin gado, ranar da na janyo shi ya yi fari fat da fumfuna. Gishiri ma jiƙewa yake a cikin roba.

Sannan bishiyoyinsu ba sa gaya wa mutum komai. A gida in ka ga kuka ta zubar da ganye, gawo kuma ya yi kore, ka san inda shekara ta kai ko ba ka duba kalanda ba. Nan kuwa yadda na same su kore shar haka suka zauna wata da watanni. Nakan tambayi Goggo yanzu wane lokaci ake ciki a garin nan, sai ta ce lokacin wanke tukwane ake ciki.

Ana nan busasshiyar kuɓewarmu ta ƙare. Daga gida ake kawo mana ita a jakar matafiya, matar da za ta taho da ita kuma kaya suka yi mata nauyi a filin jirgi, ta bar ƙullinmu a can. Ba ƙaramar magana ba ce, don akwai wani Alhaji daga Maraɗi da yake zuwa da mutanensa sari a Tianxiu, wani dogon bene da 'yan Afirka suke da shaguna a ciki. Duk inda ya ci abinci nan mutanen Nijar suke ci, shi kuma ba ya son komai sai tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Wata mai abinci a unguwar Sanyuanli tana da ita, kuma ta daɗe tana zawarcin mutanensa.

Na ce wa Goggo ga ɗanyar kuɓewa nan jibge a kasuwa, me zai hana mu shanya da kanmu. Ta ce ta riga ni zuwa garin nan. Ban tsaya jin sauran ba. Washegari na sayo, na yayyanka, na baza a tire na kai saman bene. Abin da na kwaso bayan kwana biyu ba shi da suna, wani yauƙi ne baƙi mai gashi-gashi, ga wari. Goggo ta sa na wanke tirarrukan, sannan ta gaya min a nutse cewa ƙanin mijinta zai koma gida ƙarshen shekara, in na sake yi mata irin wannan to tare za mu tafi. Na san ba wasa take ba, don ta taɓa kiran Baba a waya a kan bakina. Ni kuwa ban shirya komawa ba. A lokacin na fara gane jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban ga komai ba tukuna.

Can wajen ƙarshen Nuwamba na tashi wata safiya na ji leɓena ya bushe. Na ɗauki gishiri zan zuba a miya, sai ga shi yana zuba warwar. Na kwashi wanki na hau sama, na tarar saman benen ya zama wani wuri dabam. An ɗaura igiyoyi ta ko'ina. Ga ganyen miya an rataye layi-layi kamar safa, ga kifi, ga agwagi an baje su an take kamar faifai, ga wasu dogayen yankan nama baƙi-baƙi, ga hanji an ɗura masa nama an ɗaɗɗaure yana ɗigar da mai. Iska mai sanyi tana kaɗawa, rana kuma ta fito tas. Na leƙa benayen maƙwabta, kowane haka yake. Ashe duk garin wannan iskar suke jira, ni kaɗai ce ba a gaya wa ba.

Mai yawancin kayan wata tsohuwa ce 'yar guntuwa da ke hawan ƙarshe, wadda sai dai mu yi nihao, gaisuwarsu, a matakala. Na gwada fassarar waya da ita, wayar ta kasa, don yaren yankinsu take yi. Sai na nuna naman nan na ɗaga gira. Ta sa yatsa ta tura hancinta sama. Na gane, alade ne.

Na sauko da gudu na ce wa Goggo lokacin shanya ya yi. Ta tambayi me aka rataye a saman, na faɗa mata.

"Ki shanya min kuɓewa a ƙarƙashin alade?"

"Ba a ƙarƙashi ba, Goggo, a gefe."

"Ke da gefen. Ko bai taɓa ba, mutum ɗaya ya ji labari, wa zai ƙara sa hannu a kwanona? Wuce ki ɗora ruwan tuwo, uwar gaggawa."

Gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya fi ci na. Ga rana, ga iska, ga kuɓewa a kasuwa, ba wurin shanya. Tagarmu tana kallon bangon wani bene, rana ba ta taɓa leƙo ta ba.

Kullum in na je shanya wanki sai in tsaya kallon tsohuwar. A ƙarshen saman benen akwai wani ɗan ɗaki da tankin ruwan gidan yake ciki, rufinsa ya fi ko'ina tsawo. Sai na lura kowace safiya takan jingina tsani, ta rataya kwando a kafaɗa, ta hau can tana karkarwa. Ga fili a ƙasa, me ya kai tsohuwa hawa tsani? Kwana biyu na daure. Na uku na riƙe mata tsanin har ta sauko, sannan na haye ba tare da na tambaya ba.

Ɓawon lemo na tarar. Ɓawon tanjarin kawai, an ɓare kowane gida uku bai rabu ba, an kifa su a faya-fayan gora, rufin ya yi ja kamar an zuba manja. Ƙamshi ya buge ni. Na leƙo na nuna mata ɓawon, na nuna ƙasa inda take tsaye, wato me ya sa ba ta shanya a nan ba ta huta. Ta nuna naman, ta toshe hanci, ta nuna ɓawon, ta kaɗa hannu ta ce meyo, kalmar da masu shago suke cewa in babu.

Jikarta da ke tsaron shago a kasuwar tufafi ta Baima ce ta ƙarasa min bayani da guntun Turancinta. Ta ce ɓawon yana kwasar duk warin da ya ji, in ya sha maiƙon nama ya lalace. Ajiye shi suke yi shekara da shekaru, yana tsufa yana ƙara daraja, a sa a miya, a sha don tari. Na ce to lemon fa? Ta ce wa ya damu da lemon. Da yamma kuwa tsohuwar ta aiko mana da leda cike da tanjarin tsirara. Na jefa ɗaya a baki, tsami ya kusa fitar min da hawaye.

Wato ita ma gudun naman nan take, ita don hanci, mu don addini, kuma ta riga ta samo wurin. Ciniki bai yi wuya ba. Na nuna ƙafafuna, na nuna nata, na nuna tsani. Ni zan riƙa hawa da kayanta da safe in sauko da su kafin raɓa ta faɗo, ita kuma ta bar min kusurwa ɗaya.

A wannan karon na gaya wa Goggo kafin in sayi komai. Sai ta ɗauki mayafi ta nufi matakala. Hawa bakwai ne ba lifta, kuma Goggo ba ƙaramar mace ba ce. Da muka isa ta daɗe tana haki, ta kalli naman ta kau da kai, ta kalli tsayin ɗakin tankin, sannan ta saki gefen mayafinta ta ga inda iska ta ja shi. Daga wajen tankin take busowa, ta wuce kan naman ta tafi. Ta ce in kuɓewar ta ruɓe kar in jira a ce min, in fara haɗa jakata.

Waɗannan kwanakin su ne na fi jin daɗinsu tun zuwana. Ina juya kuɓewata, ina juya ɓawon tsohuwa, ina kallon gari daga sama. A lokacin na ga ashe bishiyoyin ba duka ne bebaye ba. Waɗansu a bakin titi fure suka yi, ruwan hoda, ana shiga sanyi, abin da ban taɓa gani ba. Can arewa kuma akwai dutse mai duhuwar itatuwa, sai ga wani yanki nasa ya fara yin ja-ja kamar tsatsa. Jikar tsohuwar ta ce ranar hutu mutane har layi suke yi su je ganin irin wannan ganyen, ta nuna min hotuna, wasu bishiyoyin ma a cikin ruwa suke tsaye jajaye. Na tambaya in sun je sai su yi me da ganyen, ana miya da shi ne ko magani. Ta ce kallo kawai. Na ce a biya kuɗin mota a je kallon ganyen da ya kusa mutuwa? Ta yi dariya ta ce ni fa, da na hau tsani nake kallonsa tun ɗazu. Daga ƙasa kuma hayaƙin masu gasa dankali a bakin titi yana tasowa, mutane sun fara tafiya hannu a aljihu.

Tsohuwar ba ta yarda da aikina ba ko kaɗan. A wurinsu ɗanya ake cin kuɓewa. Ta sa na sauko mata da yanka ɗaya, ta tauna, ta tofar, ta yi ta faɗa da yarensu. Ta nuna min yadda take tsoma ganyenta a tafasasshen ruwa kafin ta rataye. Na ce mata da Hausa ta bar min abina, ai ban koya mata ɓare lemo ba. Ban san me ta ji ba, amma ta yi dariya har tana riƙe tsani.

Kafin mako ya zagayo kuɓewar ta bushe ƙayau, in na girgiza tire sai ta yi ƙara kamar tsakuwa. Na niƙa. Goggo ta murza a yatsa, ta kaɗa miya da kanta ranar da Alhajin Maraɗi ya sauka. Suka zauna a falo shi da mutanensa, ni ina kawo ruwa. Ya yi loma biyu, a ta uku ya tsaya.

"Hajiya, mi kunka sa ma miyar ga? Ina jin ƙamshin lemo."

Kuɓewar ce ta kwashi ƙamshin ɓawon, mu da muke cikinsa kullum ba mu ji ba. Goggo ta buɗe baki, na riga ta. Na ce ni na shanya a saman bene kusa da ɓawon lemon wata tsohuwa. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ya tambaya me da me ake shanyawa a saman, ni kuma na lissafa masa duka, har aladen. Ya zare hannunsa daga kwano. Sauran ma duk suka zare. Ban kalli Goggo ba, amma ina jin idonta a wuyana.

Ya tambaya sama take ko ƙasa. Na ce sama, nesa, kuma iska daga wajenmu take zuwa. Wani daga cikin mutanensa ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba. Alhaji ya wanke hannu ya miƙe.

"Tashi mu tai, ɗiyata. Ni ba a gaya mani kaya, sai na gani."

Muka hau, yana hutawa a kowane hawa yana cewa wanda ya gina gidan nan bai da tsoho a danginsa. A sama ya naɗe babbar rigarsa ya taka tsanin har ya leƙa rufin. Ya daɗe yana kallo. Tsohuwar ta fito tana mita an taɓa mata tsani, ya ce mata nihao laoban, wai shugaba, sai ta bar mitar ta miƙa masa wani tsohon ɓawo baƙi ƙirin daga aljihunta. Ya sansana, ya juya shi, ya tambaye ni ko ana sayar da irinsa da buhu. Na ce ban sani ba. Ya ce to in bincika masa.

Da muka sauko tuwo ya huce. Ya zauna ya ce da mutanensa abin yana can sama inda ko tsuntsu sai ya yi niyya, wanda bai iya ci ya tashi. Ba wanda ya tashi. Ya ce Hajiya a ɗumamo, kuma a ƙaro miya.

Baƙi suka tafi, muka gama wanke-wanke. Washegari da safe Goggo ta ce in je kasuwa in sayo kuɓewa duk wadda zan iya ɗauka tun iskar ba ta juya ba. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa in biya Baima wajen jikar ƙawar tawa in zaɓi rigar sanyi mai kauri, don sanyin garin nan sai Janairu yake nuna halinsa, kuma ita ba ta da lokacin jinyar kowa.

Na tambaya wace kala. Ta ce in fita mata daga gida.