Ba A Kwana Da Wuta A Fuska

Shekara da shekaru ina gyaran amare a unguwar Bulabulin: dilka, halawa, lalle, turaren wuta. Sai da na aurar da 'ya'yana sannan na shiga ajin manya na koyi karatu. Tun daga nan ba abin da ke shiga ɗakin gyarana sai na san ko mene ne.

Haka na yi da abin rufe fuskar nan mai jan haske, wanda ake caji kamar waya, wai yana maganin ƙuraje. 'Yata ce ta aiko mini. Kafin ya taɓa fuskar kowa na kai wa maƙwabciyata, nas ce 'yar Biu. Ta ce mintuna kaɗan ake sa shi, ido a kare, mutum a farke. In aka yi barci da shi, gumi da ɗumi su taru a ƙasansa, ya danne fata, ko ya zame hasken ya daki ido, mai barci kuwa ba ta san abu ya fara cin ta ba.

Ana nan aka kawo mini wata amarya daga Konduga, ƙuraje sun feso mata a kumatu, ga biki ya matso. Gwaggonta ce ta rako ta, mace mai baki.

Tana ganin abin ta ce, "Hajja, sa mata ta kwana da shi. Lalle ma sai ya kwana yake kamawa."

Na ce, "Lalle ganye ne. Wannan wuta ce."

"Wutar wasa! Ko shayi ba za ta ɗumama ba."

"To ke ki kwana da shi, na ga fuskarki da safe."

Gwaggon ta miƙe tana gyara lafaya, wai masu gyara sun cika garin nan. Na san in amarya ta bar hannuna ana tsakiyar gyara, kafin la'asar unguwa ta ji, sunana ya zube. Duk da haka na nuna mata ƙofa.

Yarinyar ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Hajja, in ban kwana da shi ba, ƙurajen za su tafi?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata, ba zan miki ƙarya ba. Amma fatarki ta sha dilka, ta yi laushi. Ba zan yi caca da ita ba."

Ta cire mayafinta ta zauna.

Kan kujerar turare nake ɗora ta, mai ramin nan a tsakiya, ba jingina. Ba macen da ta taɓa barci a kanta. In sa mata abin, in zauna gabanta ina tsokanarta da zancen ango har lokaci ya cika.

Ranar wushe-wushe, daren shagalin bikin, ƙurajen ba su tafi duka ba, akwai saura a haɓa. Amma fuska lafiya lau, ido fari tas, ba ƙuna ba tabo.

Yanzu gwaggon da kanta take zuwa a sa mata. Da ta fara gyangyaɗi nake buga mata gwiwa.